Karen Gadina Yana Faɗuwa Yana Shure-shure

Tambaya: Ina da babban karen gadi a Yelwa, cikin Bauchi, shekararsa 2. Sau biyu ke nan yana yanke jiki ya faɗi, yana shure-shure, baki na kumfa, can kuma ya miƙe. Ko hauka ne?

Amsa: Malam, an yi masa rigakafin haukan kare? In ba a yi ba, killace shi. In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti. Sai dai mahaukacin kare ba ya farfaɗowa, yakan mutu cikin kwana 10. Naka da ke miƙewa ya ci tuwonsa, ya fi kama da mai farfaɗiya.

Irin wadda ake gado takan fara tsakanin wata 6 da shekara 6. A 2012, masana a Jami'ar Helsinki ta Finlan, ƙarƙashin Hannes Lohi, sun bincika karnukan Belgian Shepherd, suka gano wani sashe na ƙwayoyin gado da ke ƙara haɗarin ciwon. Don haka kada ka bari ya yi barbara.

Amma duba gida tukuna. Maganin ɓera da na feshin gona duk suna iya jawo irin wannan.

In farfaɗiyar ta taso, kada ka sa hannu a bakinsa, janye yara, ka ɗauki bidiyo a waya ka nuna wa likitan dabbobi. Idan ta wuce minti 5, kai shi wurin likitan nan take. Maganin Phenobarbital yana rage ta, amma likita ne zai auna, kuma ba a yanke shi farat ɗaya.