Wayland da X11: Me Ya Sa Allonka Ya Yi Baƙi a Zoom?

Kwana biyu kafin in gabatar da babi na uku na furojet ɗina, malamin da ke duba aikin ya ce mu haɗu ta Zoom. Na danna wajen nuna masa allona, sai ya ce baƙi ƙirin kawai yake gani. Na zargi netwok, na zargi tsohuwar laftof ɗina. Ashe matsalar tana can ƙarƙashin Ubuntu ɗin da na ɗora.

Ga yadda abin yake. A Linux akwai tsarin da ke tsaye tsakanin manhajoji da allo, da madannai, da linzami. Tsohon shi ne X, wanda aka ƙirƙiro a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, sigarsa ta X11 kuma ta fito a 1987. Wato ya girmi yawancinmu nesa ba kusa ba. A X11 kowace manhaja tana iya leƙa tagar wata, ta ga abin da kake dannawa, har ta danna maka. Gida ne babu ƙofa. Da daɗin zama, amma fa har kalmar sirrinka ana iya kwashewa.

Shi ya sa Kristian Høgsberg ya fara Wayland a 2008. Nan kowace manhaja ɗakinta kawai ta sani. Fedora ta koma kansa a 2016. Ubuntu ta gwada a 2017, ta ja da baya a 2018, sannan ta dawo a 2021. Manhajar da ke son ɗaukar hoton allo sai ta nemi izini, sannan hoton ya bi ta PipeWire. Zoom ɗina tsohuwar siga ce, ba ta iya neman izinin ba, shi ke nan sai baƙi.

Ni kunya kawai na sha. Wanda abin ya fi shafa shi ne mai lalura. Ɗalibin da ba ya gani yana dogara da Orca, manhajar da ke karanta masa abin da ke allo da murya. Aikinta yana buƙatar ta ji maɓallan da aka danna ko'ina, kuma wannan ne ainihin abin da Wayland ya toshe. An daɗe ana lalube kafin GNOME ta samar mata da hanya. Haka wanda hannunsa ba ya iya riƙe linzami, ya saba da xdotool yana danna masa abubuwa: a Wayland ba ta taɓa komai sai tsofaffin manhajojin da ke gudana ta Xwayland. A ganina tsaron da aka ƙara daidai ne, amma an yi gaggawar maida shi zaɓin farko tun ba a gama gina wa waɗannan mutane ƙofa ba.

Mu masu rubutu da Hausa ma ya taɓa mu. Da can umarnin setxkbmap -layout ng -variant hausa ya ishe ka samun ɓ, ɗ da ƙ. A Wayland ba ya cin duka tsarin. Sai ka shiga saitin madannai ka ƙara Hausa da kanka.

To, me za ka yi? Buɗe tamina ka rubuta echo $XDG_SESSION_TYPE. Zai amsa maka da wayland ko x11. Idan kana kan Ubuntu 22.04 ko 24.04, fita daga asusunka, danna sunanka, za ka ga 'yar alamar giya a ƙasa ta hannun dama, zaɓi Ubuntu on Xorg. Da haka na tsira ranar. Amma Ubuntu 25.10 ta cire wannan zaɓi, don haka mai buƙatar X11 ya tsaya a 24.04, wadda za a ci gaba da kula da ita har 2029, ko ya koma Linux Mint.

Masu shirin difens, don Allah ku jona laftof ɗinku da majigin sashenku tun ana jibi, ku gwada shi a duka tsarin biyu.