Tambaya da Amsa: Wace Taya Ta Dace da Hilux ɗin da Aka Ɗaga?

TAMBAYA

Ina da Hilux mai shan dizal, na saye ta a hannu, kuma wanda ya sayar min ya riga ya ɗaga ta da inci biyu. Tayoyin da ke jikinta 265/65R17 ne, duk sun suɗe. Sana'ata sayen riɗi da wake a kasuwannin ƙauye. Da rani ina shiga rairayi ta wajen Yusufari, da damina kuma laka ce ke wahalar da ni a hanyoyin fadama. Mai sayar da taya ya ce tunda motar ta tashi, in sa 285/70R17, ko ma 33x12.50, wai faɗi ne maganin kafewa. Direbana ma ya goyi bayansa, ya ce motar za ta fi kwarjini. Kafin in zuba kuɗi nake neman shawara.

Wani ɗan kasuwa daga Gashuwa

AMSA

Shawarata ita ce ka ƙara wa tayar tsayi kaɗan, ka bar faɗinta yadda yake: ka sayi 265/70R17 mai ƙwarin gefe, guda biyar har da safaya. Ga dalilaina.

Mu fara da lambar da ke jikin tayarka. 265 faɗinta ne a milimita. 65 na nufin tsayin gefenta, daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa, kashi 65 ne cikin ɗari na wancan faɗin. 17 kuwa girman rim ne a inci. In ka haɗa lissafin, tayarka a tsaye milimita 776 ce, wato inci 30.6. Wadda na ba ka shawara 803 ce, inci 31.6. Ta mai shago, 285/70R17, ta kai 831, inci 32.7. Ita 33x12.50 da inci aka rubuta ta gaba ɗaya: tsayi 33, faɗi 12.5, wanda ya haura milimita 315.

Abin da mai shago bai faɗa maka ba shi ne, ɗaga mota da aka yi bai ɗaga komai nata daga ƙasa ba sai bodi da shasi. Ka durƙusa a bayan motar ka leƙa. Za ka ga wani dunƙulen ƙarfe a tsakiyar aksil, tsakanin tayoyin baya. Shi ne yake fara dukan tudun da ke tsakanin sawun manyan motoci a hanyar damina, kuma ko inci shida aka ɗaga motar yana nan inda yake. Kamar mutum ne ya tattare riga zai haye ruwa: riga ta yi sama, ƙafa na ƙasa. Taya kaɗai ke ɗaga wannan dunƙulen, ita ma da rabin abin da ta ƙaru. 265/70 za ta ba ka milimita 13, 285/70 ta ba ka 27. Saboda haka neman ƙarin tsayi yana da hujja. Abin tambaya shi ne nawa za ka biya a kan kowace milimita.

Haka nan ɗagawar ba ta buɗa wa tayar gaba wuri kamar yadda ido ke gani. In motar tana tsaye babu kaya, akwai fili. Amma da ka faɗa rami da buhunan riɗi a baya, sifirin zai lanƙwashe, tayar ta koma sama har inda take kaiwa tun kafin a ɗaga motar. In a lokacin sitiyari yana karye, babbar taya za ta goga robar madigadi, ko ƙarfen da bodi ke zaune a kansa a bayan tayar gaba, ko hannun sama da ke riƙe da ƙafar. Shi ya sa masu sa 285 a Hilux da yawa sai sun yanke roba, wasu har ƙarfe, ko sun sauya rim da wanda ke turo taya waje. Turo taya waje kuwa boris ne ke biyan bashinsa, don nauyin ya bar saitinsa. Ita 33x12.50 ka cire ta daga lissafi ma: tana son rim mai faɗin inci 8.5 zuwa sama, ga yanka, ga nauyi. Motocin Amurka da ake gani a waya, irin su Ford F-150 masu taya inci 35, manyan injuna gare su, kuma masu su kan sauya haƙoran giyar aksil domin su dace da tayar. Ba riɗi suke ɗauka a cikin rairayi ba.

Yanzu maganar faɗi, wadda ita ce zuciyar tambayarka.

A rairayi, abin da ke hana mota nutsewa shi ne girman sawun da taya ke shimfiɗawa a ƙasa, kuma iskar da ke ciki ce ta fi yanke wannan hukunci. Ka sa mai faci ya rage wa taya ɗaya iska kana kallo. Kumatunta za su ɗan bubbugo, amma abin da ya fi ƙaruwa shi ne tsawon inda ta taka, gaba da baya. Doguwar taya mai dogon gefe ta fi samun wurin yin wannan shimfiɗa ba tare da rim ya kusanci ƙasa ba. Mai faɗi kuwa da iskar kwalta a cikinta sai ta tara yashi a gabanta, inji ya yi ta fama da tura shi. Duba Land Cruiser akori-kura, wadda ta yi suna a hamada daga Agadas har Chadi: Toyota ta daɗe tana fitar da ita da 7.50R16, siririya doguwa, kuma ba ta rasa hanya ba. In za ka shiga rairayin Yusufari, ka sauke iska zuwa 18 ko 20 a geji, in da lodi mai nauyi ka bar ta sama da haka kaɗan, ka tafi a hankali, kada ka karya kwana da ƙarfi don taya na iya zamewa daga rim. Da ka hau kwalta ka mayar da iskar. Taya mai ƙarancin iska a guje zafi take ɗauka har ta fashe. Famfon iska mai aiki da batirin mota da geji mai kyau za su fitar da kai daga wuraren da faɗin taya ba zai fitar da kai ba, kuma kuɗinsu bai kai na taya ɗaya ba.

Laka iri biyu ce. Akwai wadda ke da ƙasa mai tauri a ƙarƙashinta, irin ta hanyar burji bayan ruwan dare. A nan siririyar taya ta fi, don tana yanka ta sauka ta kama. Akwai taɓon fadama mai zurfi, wanda in ya liƙe wa taya sai ya cike zanenta ta koma sumul. A irin wannan, zane mai manyan gibi da ke zubar da laka ya fi faɗi amfani. In rabin tafiyarka kwalta ce, ka ɗauki mai alamar A/T. Mai alamar M/T ta fi cizo a taɓo, amma tana kuka a kwalta, tana saurin cinyewa, kuma a rairayi tona rami take yi.

Akwai kuma kuɗin da babbar taya ke ci a ɓoye. 285/70 ta fi taka da kashi 7 cikin ɗari, don haka kowace giya ta yi wa inji nauyi da wannan gwargwadon. Za ka ji shi wajen tashi da lodi, kuloci zai ji shi, birki ma haka, ga ƙarin shan mai. Maleji kuma zai riƙa yi maka ƙwauro: in ya ƙirga kilomita 100, ka yi 107. In kana juyen baƙin mai duk kilomita 5,000, to a 5,350 kake yi ba ka sani ba. Da 265/70 bambancin bai kai kashi 4 ba. Sannan mota da aka riga aka ɗaga ta fi saurin kifewa a kwana, ballantana in an jibga buhuna sama da bodi. Kada a ƙara mata tsayin da ba ta buƙata.

A shago, abubuwa uku za ka duba da idonka. Bayan lambar girma akwai wata kamar 112 ko 115 ko 121: nauyin da taya ɗaya ke ɗauka ke nan, kilo 1,120, 1,215 da 1,450. Kada ka sauka ƙasa da abin da ke rubuce a takardar da ke jikin ƙofar direba. Ga mai sana'arka, wadda aka rubuta LT a gaban lambarta ta fi, don jikinta ya fi jure ƙaya da kututture, ko da yake za ka ji motar ta ƙara tauri in babu kaya. Sai lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT: 2324 na nufin mako na 23 na shekarar 2024. Roba na tsufa ko ba a taɓa ɗaura ta ba, kuma zafin ƙasarku yana gaggauta hakan. Tayar gwanjo mai kyan zane da shekaru a kanta ba arha ba ce ga motar da ke ɗaukar lodi da mutane.

Na ce guda biyar ne saboda giyar ƙafa huɗu. In ka sa ta alhali taya ɗaya ta fi sauran gajarta, ƙafafun ba za su juya daidai ba, kuma kayan giyar ne ke shan wannan ja-in-ja. Ka tabbatar sabuwar safaya ta shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi.

Kafin ka biya, ka ce a ɗaura guda ɗaya a gaba. A karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a hau da ƙafar kan wani tudu yadda sifirin zai danne, ka zura hannu ta bayan tayar da ta cikinta. In yatsunka biyu sun wuce ko'ina ba su matse ba, a ɗaura sauran, a daidaita su, a kai motar a yi mata saitin ƙafa.