DARASI: KADA TALAUCI YA RABA UWA DA 'YA'YANTA

Abin karantawa: 2 Sarakuna 4:1-7

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan macen da mijinta ya rasu ko ya sake ta ne, ta saura da yara, sa'an nan aka kawo mata takardar kira daga ofishin jin daɗin jama'a, ana so a karɓe yaran daga hannunta.

YADDA ABIN YAKAN FARA

Dangin miji ko wani maƙwabci yakan kai ƙara cewa yaran ba sa zuwa makaranta, ko suna talla, ko sun rame. Ma'aikacin ofishin ya zo duba gida, watakila a watan Agusta, sa'ad da rumbu ya ƙare, sabon hatsi kuwa bai nuna ba. Ya ga ɗaki yana yoyo, ya rubuta abin da idonsa ya gani. Tsoro ya kama uwar. Wata takan gudu da yaran garin iyayenta, wata ta yi faɗa da ma'aikacin, wata kuma ta danna yatsa a takardar da ba a karanta mata ba. Duk ukun nan ƙara ɓata mata magana suke yi.

ABIN DA DOKA TA CE

1. A 2003 Nijeriya ta kafa Dokar 'Yancin Yara. A wurin dokar nan, duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, kuma abin da ya fi amfanin yaron shi ake dubawa da fari. Jihohi suna kafa tasu dokar bisa wannan, don haka mu nemi sanin ta jiharmu.

2. Aikin ma'aikacin jin daɗin jama'a shi ne bincike da sulhu da rubuta rahoto. Yanke hukunci na alƙali ne. Idan yaro yana cikin hatsari ana iya ɗauke shi da gaggawa, amma dole maganar ta je kotu. Rahoton yana da nauyi ƙwarai: Dokar Shari'ar Aure ta 1970, wadda ta shafi auren rajista, ta yarda alƙali ya dakatar da shari'a har ya sami rahoton ma'aikacin.

3. A 1992 Kotun Ƙoli ta bayyana cewa idan iyaye sun rabu, ana ɗauka ƙaramin yaro zai fi samun kwanciyar rai wurin uwarsa, sai dai in an nuna dalili a fili, kamar zaluntar yaron ko taɓin hankali.

4. A 2009 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba ƙasashe shawara cewa talauci kaɗai bai isa dalilin raba yaro da iyayensa ba. Talauci alama ce gidan yana bukatar taimako.

Amma mu lura. Inda ake dukan yaro har da rauni, ko ana hana shi abinci da gangan, ma'aikacin yana kan gaskiyarsa. Ba za mu rufe mugunta don mai yinta 'yar ƙungiyarmu ce ba.

ABIN DA NASSIN YA KOYA MANA

Gwauruwar da ta zo wurin Elisha tana gab da rasa 'ya'yanta biyu saboda bashi. Annabin ya tambaye ta abin da take da shi a gida, ashe ɗan mai ne a tulu. Ya aike ta aron tukwane wurin maƙwabta. Ta cika su, ta sayar da man, ta biya bashin, ita da 'ya'yanta suka rayu da sauran. Allah ne ya yawaita man, amma tukwanen na maƙwabta ne, kuma man bai tsaya ba sai da tukwane suka ƙare. A yau mu ne maƙwabtan.

TUKWANEN DA ZA MU BA DA ARO

Littafin ƙungiya. Magatakarda ya rubuta fāɗin gonarta, buhu nawa ta samu kowace shekara, da bashin da ta biya. Ma'aikaci ya ga gidanta rana ɗaya ne, littafinmu kuwa yana nuna wahalarta ta shekaru. Gaskiya kaɗai za a rubuta, gama shaidar ƙarya za ta cuce ta.

Takardu. Mu taimake ta ta tara takardar haihuwar kowane yaro daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, katin rigakafi, rasit da sakamakon makaranta, takardar aure, da shaidar mutuwar miji. A ajiye su cikin gwangwani mai murfi saboda gara da ruwa.

Rakiya. Kada ta je ofis ita kaɗai. Mutum biyu su raka ta, ɗaya mai karatu. Kada ta ƙi amsa kira, kada kuma ta sa hannu sai an karanta mata da harshen da take ji. A roƙi kwafi, a rubuta ranar da sunan ma'aikacin. A yi magana da ladabi.

Lauya. Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA suna taimakon marasa hali. Fasto ko dattijon ikilisiya ya nemo ofishinsu mafi kusa.

Gayya da hatsi. Mu nome mata gona, mu gyara jinka kafin damina. Zumuntar Mata ta tara mudu-mudu da kaka. Dattawa kuma su tsaya kada a ƙwace gonar marayu, gama uwar da aka raba da gona, gobe za a ce ba ta iya ciyar da yara ba.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Gwauraye da sakakkun mata nawa ne a ƙungiyarmu?
2. Yara nawa ne a gidajenmu ba su da takardar haihuwa?
3. Su wa za mu zaɓa yau su zama masu rakiya?

Mu rufe da addu'a domin iyaye mata da ke cikin wannan damuwa, da ma'aikata da alƙalai, Ubangiji ya ba su hikimar yin adalci.