Amsar Tambaya: Hanyar Samun Lasin Tirela

Wani matashi daga Zuba ya rubuto yana tambayar yadda yaron mota zai zama direban tirela mai lasin halal.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ka sani cewa shekarun da ka yi a gefen maigidanka kana koyon sarrafa giya da birki a hanyar Kaduna da ta Lakwaja, duk da kasancewarsu ilimi mai daraja, ba su wadatar ba a gaban shari'a sai ka bi ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988. Sharaɗi na farko shi ne shekarunka su kai 26. Bayan haka sai ka shiga makarantar tuƙi wadda hukumar ta amince da ita, ka karɓi shahadarta, ka kuma samo takardar likita mai tabbatar da lafiyarka, musamman ta ido. Daga nan jami'an duba ababen hawa, wato VIO, waɗanda babban ofishinsu na Abuja yake Mabushi, za su jarraba ka, sannan a ɗauki hotonka da zanen yatsunka, a ba ka lasin wucin gadi na kwana 60 kafin na ainihi, ajin G, ya fito.

Ina yi maka nasiha da ka nisanci dillalan da ke alkawarin lasi ba jarrabawa, domin wanda ya hau mota mai nauyi bisa jahilci ya ci amanar rayukan bayin Allah, kuma haƙƙinsu yana wuyansa duniya da lahira.