Daga Daji Zuwa Takarda: Tsarin Kula da Muhalli a Kamfanin Katako

Littafin rubutun da ke hannun ɗalibi asalinsa bishiya ne. Kafin ya zama takarda sai da aka sare itace, aka daddatsa, aka dafa da sinadarai, aka wanke. Kowane mataki yana iya cutar da muhalli.

A daji, idan aka sare itatuwan bakin rafi, rana takan ɗumama ruwan, iskar oksijin da ke cikinsa ta ragu, zaizaya kuma ta binne ƙwan kifi da laka. A masana'anta, ruwan wanki yana ɗauke da ragowar itace. Ƙwayoyin bakteriya da ke ruɓar da ita sukan cinye oksijin kogi, kifaye su mutu. A shekarun 1980 an gano cewa faranta takarda da iskar kulorin yana haifar da guba mai suna dayoksin, shi ya sa masana'antu da yawa suka sauya sinadari.

Babban kamfani irin Stora Enso, wanda aka kafa a 1998 da haɗewar wani kamfanin Suwidin da na Finlan, yana da dazuzzuka da masana'antu a ƙasashe daban-daban. Ta yaya dukansu za su bi tafarki ɗaya? Wannan shi ne amfanin ma'aunin ISO 14001, wanda ya fito a 1996, aka sabunta shi a 2004 da 2015. Matakansa huɗu ne:

1. Tsarawa: kowane sashe ya lissafa illolin aikinsa, ya sa wa kansa buri mai aunuwa.
2. Aiwatarwa: a horar da ma'aikata, tun daga mai sara har manaja, kowa ya san nauyin da ke kansa.
3. Dubawa: a riƙa auna ruwa da hayaƙi, a adana sakamako a rubuce.
4. Gyarawa: shugabanni su nazarci sakamakon, su toshe ɓaraka, sannan a koma mataki na farko.

Sai dai a lura, takardar shaidar ISO 14001 tana tabbatar da cewa kamfani yana da tsari ne, ba ta ƙayyade yawan dattin da zai zubar ba. Wannan aikin dokar ƙasa ne. Saboda haka hujja ta ƙarshe tana cikin kogin: shin kifin yana raye?

Aikin aji: ɗalibai su gwada matakan nan huɗu a kan sharar takardun makarantarsu na tsawon zango ɗaya.