Kimiyyar Rataye Tufafi a Cikin Mota

Duk wanda ya taɓa fita daga Sakkwato da asuba domin ɗaurin aure a Rabah, ko ziyarar hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya san takaicin isa da babbar riga a yamutse bayan mai guga ya sha wahala a kanta. Akwai dalilai na kimiyya da ke haddasa wannan.

Me ke yamutsa tufa?

Yawancin shadda da farin yadi da auduga ake saƙa su. Zaren auduga kuwa ya ƙunshi wani sinadari mai suna selulos, wanda ke jere kamar dogayen sarƙoƙi, wasu raunanan mahaɗai suna riƙe da su gefe da gefe. Idan laima ta shiga zaren, mahaɗan sukan kwance, sarƙoƙin su zame. Da zarar tufa ta bushe, sai mahaɗan su sake ƙulluwa a yadda suka sami kansu. In a lanƙwashe take, lanƙwasar ta zauna ke nan. Wannan ne kuma sirrin guga: mai guga yakan yayyafa ruwa, ya danna da dutse mai zafin kusan digiri 200 na ma'aunin Salshiyos, don zaren ya bushe a miƙe.

To, matafiyin da ya jingina da kujera cikin rigarsa ya haɗa abubuwa ukun nan, wato gumi da zafi da nauyi, amma a kan tufar da ke tattare. Guga yake yi wa lanƙwasa. A watan Afrilu zafin wannan yanki yakan wuce digiri 40, kuma cikin motar da aka rufe a rana yakan haura 60. Irin wannan zafi yana kusantar matakin da zaren foliyesta ke fara laushi, wato wajen digiri 70.

Yadda ya kamata a rataye

Da farko a bari tufa ta huce ta bushe sarai bayan guga. Sai a ɗora ta a kan maratayi mai faɗin kafaɗa, domin nauyinta ya rarrabu. Babbar riga ta fi tsawon tagar mota, saboda haka a naɗe hannayenta bisa kafaɗa, a shimfiɗa gindinta a kan kujera. A lokacin hunturu a rufe ta da mayafin auduga saboda ƙura. Leda tana tare ƙura, amma tana riƙe laima, musamman a bakin madatsar ruwa ta Goronyo da fadamun kogin Rima. Hasken rana kuma yana kashe launin rini.

Rai ya fi riga

Tun 1972 motoci ke bin hannun dama a Nijeriya, direba yana zaune a hagu. Tagar baya ta dama ita ce wadda yake waiwaya don ganin babur ko amalanken da madubi bai nuna ba. Don haka a rataye tufa a bayan direba, kada kuma a tare gilashin baya. Masu ƙera motocin da ke da jakar iska a saman ƙofa suna gargaɗin kada a saƙala maratayi mai tauri a ƙugiyar wurin, domin in jakar ta fashe a haɗari zai iya raunata fasinja. A irin wannan mota, shimfiɗe tufa a kujera ya fi.

Gwaji ga ɗalibai

A yanki ƙyallen auduga biyu daidai da juna. A jiƙa ɗaya kaɗan, a bar ɗayan a bushe. A duƙunƙune kowanne, a danne da littafi a rana na awa guda. Wanne ya fi yamutsewa? Mene ne dalili? A maimaita da ƙyallen foliyesta, a kwatanta sakamakon.