Guzurin Mai Tafiya Jami'a: Darasi Daga Bakin Yayyenmu



Mu ƴan ajin ƙarshe na wannan madarasa ta Maraɗi, bak na gabanmu, jami'a kuma na bayan bak. Da hutun da ya wuce mun zauna da yayyenmu da suka riga mu tafiya, muka ce su faɗa mana gaskiya, ban da daɗin baki. Ba dukansu suka dawo da labari mai daɗi ba. Akwai wanda ya maimaita shekarar farko, akwai wadda ta dawo gida ba ta koma ba, alhali dukansu masu ƙoƙari ne a nan. Shi ya sa muka rubuta abin da muka ji.

Na farko: a san inda za a je

Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ita ce babba. Ta zama jami'a a 1973, aka sa mata wannan suna a 1992, kuma tana Harobanda, a ƙetaren kogin Kwara. Nan gida muna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, akwai ta Damagaram da ta Tawa, ga kuma Jami'ar Musulunci ta Sayi da aka buɗe a 1986, inda Larabci ke da ƙarfi. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600. Wanda ya tafi can ba zai riƙa zuwa cin tuwon gida duk ƙarshen mako ba. Kada mu zaɓi fanni don aboki ya zaɓe shi. Mu duba makinmu na shekaru uku na lise, mu ga inda ƙarfinmu yake, mu tambayi wanda ya gama fannin wane aiki yake yi yanzu.

Na biyu: yadda ake lissafin karatu

Jami'o'inmu suna bin tsarin LMD: lisans shekara 3, masta 2, dakta 3. Kowace shekara zango biyu ce, kowane zango yana da kiredi 30, lisans gaba ɗaya 180 kenan. Ana samun kiredin darasi in an kai 10 bisa 20. Wanda bai kai ba yana da zama na biyu na jarrabawa, in ya sake faɗuwa darasin ya zama bashi a wuyansa. To, nan ne tarkon yake. A madarasa malam ya san sunan kowa, in ba ka zo ba sai an aika gidanku. A amfi kuwa kuna ɗaruruwa, ba mai cigiyarka. Mutum zai ga kamar ya samu ƴanci, ya ce sai jarrabawa ta matso. Ranar da aka liƙa sakamako a bango ne zai gane cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Dabarar da yayyenmu suka fi nanatawa ita ce: a sake karanta darasin yau a daren yau, ko da minti 30 ne. A kafa ƙungiyar bita ta mutum huɗu ko biyar, kada ta wuce haka, in ba haka ba ta koma majalisar shayi. A nemi tambayoyin jarrabawar shekarun baya wajen ƴan aji na gaba.

Na uku: maganar Faransanci

Wannan ita ce ta fi shafarmu. Mu ƴan faranko-arab muna raba lokacinmu tsakanin harsuna biyu, saboda haka da yawanmu muna fahimtar Faransanci a takarda amma kunne bai saba da saurin malamin jami'a ba. Wani yayanmu ya ce makonsa uku na farko yana rubuta rabin jimla malam ya wuce, kunya kuma ta hana shi tambaya. Abin da ya cece shi ƙaramin littafi ne da yake tara kalmomi goma kullum, da sauraron labarai a rediyo, da aron littafin abokinsa yana cike gurbi kowane maraice. Mu fara wannan tun yanzu, kada mu jira sai mun je.

Amma kada mu raina kanmu. Wanda ya saba da hadda, da tashin asuba, da zama gaban malami awa biyu bai motsa ba, yana da jarin da wasu ba su da shi. Sai dai a jami'a hadda kaɗai ba ta isa ba. Za a ce ka bayyana, ka kwatanta, ka kawo hujja da kalmominka.

Na huɗu: kuɗi da takardu

Kuɗin bursu ba kowa ke samu ba, wanda ya samu ma yakan jira su. Kada a ci bashi a kan kuɗin da ba su shigo hannu ba. In kuɗi sun zo, a fara ware na abinci, na fotokofi da na mota, sauran a raba su mako-mako. Jika ɗaya da ke tafiya kullum a kuɗin intanet, a wata jika talatin ce. Mu tuna wasu iyayenmu sai sun sayar da gero ko akuya kafin su aiko.

Takardar haihuwa, ta ɗan ƙasa, shaidar bak da takardar maki: a yi kofi da yawa, a kai a buga musu hatimi, a ajiye na asali cikin leda inda ruwa da gara ba su kai ba. Duk rasit ɗin rajista a adana shi.

Na biyar: zama da mutane

A ɗakin kwana za ka haɗu da Bazabarme, Buzu, Bafillace, Babarbare, da wanda addininku ba ɗaya ba. Ku yi magana tun ranar farko kan shara, lokacin kashe fitila da aron kaya. A Yamai koyon gaisuwar Zabarmanci na buɗe ƙofofi da yawa. Ba ka je don ka zama alƙalin kowa ba. Ka riƙe sallarka da tarbiyyarka, halinka ya yi magana. In an shiga yajin karatu, ba hutu ba ne, a ci gaba da bita, don in aka koma jarrabawa kan zo da gaggawa.

Ƴan uwanmu mata, duk wanda ya ce zai taimaka da maki ko ɗaki amma sai an same shi a keɓe, ba taimako yake nufi ba. Kada a yi shiru, a faɗa wa babba da aka yarda da shi. Kuma kowa ya tafi da gidan sauro, zazzaɓi in ya kwana a je likita.

Roƙonmu ga iyaye

Baba, Inna, in kun kira kada tambayar ta tsaya ga "ka ci jarrabawa?" Ku tambaya ko yana cin abinci, ko tana da abokan kirki. Wadda muka ce ta dawo gida, watanni ta yi tana ɓoye faɗuwarta don tsoron faɗa, har lokacin gyara ya wuce. Da ta faɗa da wuri, da an samu mafita.

Allah Ya ba mu sa'ar bak.